Gina Gareji a Harabar Gida: Yadda Ake Neman Izini a Ingila

A Ingila, mallakar fili ba ta ba mutum damar gina abin da ya ga dama a kansa. Tun daga dokar tsara birane da karkara ta 1947, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1948, ikon amincewa da sabon gini ya koma hannun hukuma, kuma ƙananan hukumomi ne ke riƙe da shi a yankunansu. Garejin mota mai zaman kansa, wanda bai jingina da gida ba, yana cikin wannan tsari duk da ƙanƙantarsa.

Sai dai ba kowane gareji ne ke buƙatar takardar neman izini ba. Wata doka ta 2015 ta sahale wa masu gidaje su yi ƙananan gine-gine a harabarsu kai tsaye, muddin sun cika sharuɗɗa. Dole garejin ya kasance na ƙasa, babu bene. Kada ya shige gaban fuskar gidan. Tsayinsa daga ƙasa zuwa bakin rufi, inda ruwan sama ke zuba, kada ya wuce mita 2.5. Idan rufin mai gangare biyu ne, ƙololuwarsa ta tsaya a mita 4. Idan wani iri ne, mita 3. Haka kuma, duk gine-ginen da aka ƙara kada su cinye fiye da rabin filin da ke kewaye da ainihin gidan, wato gidan kamar yadda aka fara gina shi, ko kamar yadda yake a ranar 1 ga Yulin 1948.

Sharaɗin da ya fi kama mutane shi ne na iyaka. Galibin masu gida sun fi son tura gareji can jikin shinge domin fili ya rage musu. To amma da zarar ginin ya matso ƙasa da mita 2 daga iyakar maƙwabci, tsayinsa gaba ɗaya, har da rufi, ba zai haura mita 2.5 ba. Wannan ne ya sa ake yawan ganin garejoji masu shimfiɗaɗɗen rufi a bakin shinge.

Wannan sassauci bai shafi masu zama a ɗakunan haya ko na saye da ke cikin babban bene ba, haka nan gidajen tarihi da gwamnati ta sanya cikin kundin kariya. A unguwannin da aka keɓe don adana tsohon fasalinsu, gini a gefen gida sai da izini. Kuma garejin ya tsaya a matsayin hidimar gida. Mayar da shi wurin zama mai cin gashin kansa wani batu ne daban.

Wanda shirinsa ya fita daga waɗannan sharuɗɗa, sai ya shigar da buƙata ga ƙaramar hukuma, yawanci ta shafin intanet na Planning Portal. Zai haɗa da taswirar wurin, da zanen ginin mai ɗauke da awo, da kuɗin da gwamnati ta ƙayyade. Daga nan hukuma za ta sanar da maƙwabta ta wasiƙa, ko ta ɗaure takardar sanarwa a jikin falwayar titi kusa da gidan, a ba su kwana 21 su faɗi ra'ayinsu. Ana sauraron ƙorafin da ya shafi tare haske, ko leƙen cikin gidan wani, ko haɗari ga masu bin hanya, ko ɓata fasalin unguwa. Kukan cewa darajar gida za ta faɗi, ko rigimar iyaka, ba sa cikin abin da ake dubawa. Bisa ƙa'ida, hukunci na fitowa cikin mako 8. Idan an amince, ana da shekara 3 a fara aiki. Idan an ƙi, mai gida na da mako 12 ya ɗaukaka ƙara zuwa hukumar sufetocin tsare-tsare ta ƙasa.

Izinin tsari daban yake da ƙa'idojin ingancin gini, waɗanda ke duba ƙarfin tushe da kariya daga gobara. Garejin da bai wuce murabba'in mita 15 ba, kuma babu wurin kwana a ciki, ya kuɓuta daga su. Daga nan zuwa murabba'in mita 30, sai ya ba iyaka tazarar mita 1, ko a gina shi da kayan da ba sa cin wuta. Sauke dakalin gefen titi domin mota ta shiga ma yana buƙatar amincewar sashen kula da hanyoyi.

Tun ran gini, tun ran zane. Ko da gareji ya cika sharuɗɗa, mai gida na iya karɓar takardar shaidar halaccin gini daga ƙaramar hukuma, wadda ke amfani ranar sayar da gida. Wanda ya gina ba bisa ƙa'ida ba kuwa, ana iya umartarsa ya rushe, kuma tun daga Afrilun 2024 hukuma na da shekara 10 ta ɗauki wannan mataki.