Tsohon Kwano Ma Dashe Yake So

Duk wanda ya taso a ƙasar Madobi, ko Kura, ko Bunkure, ya san dashe tun yana ƙarami. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo kanal ya ratsa gonakin Kadawa, rani ya zama lokacin aiki a wannan yanki. Manomi kan yafa irin tumatir ko na shinkafa a ɗan fili, ya raine shi mako uku zuwa huɗu, sannan ya cire ya kai shi inda zai yi 'ya'ya. In ya bar shi inda ya tsiro, cunkoso zai sa ya sirance, ya yi ɗorawa, ya mutu a tsaye.

Abin da ke zo mini a rai ke nan duk ranar kasuwa, in na durƙusa gaban shimfiɗar gwaggona, wadda ta daɗe tana dillancin tsofaffin kayan ɗaki. A kan tabarmarta za ka ga tasoshin tagulla, da kwalla da samira masu zanen fure, da langa, da baƙin akushi, da ƙwarya mai ɗinki a baki. Kowane ɗayansu ya taɓa zama abin alfaharin wata amarya. Kakanninmu da ƙorai aka yi musu jere, daga baya tasa ta zo, kwalla da samira suka ture tasa, tangaran ya shigo kabet ya ture su duka. Kowane yayi yakan tura na gabansa ƙarƙashin gado, a nan kuwa kaya ke cunkushewa har tsatsa da gara su gama da su.

Mai cire dashe yakan jiƙa ƙasar tukuna, don kada saiwa ta tsinke. Haka Gwaggo take in ta shiga gida. Ba ta fara zance da kuɗi. Sai ta gaisa, ta sha ruwa, ta tambayi jikoki, sannan ta ɗauki tasa ta juya ta a hannu, ta ce, "Yaya, wannan ta jerenki ce, ko gadon Inna ce?" Nan bakin tsohuwa zai buɗe: daga kasuwar Kurmi aka sayo ta, a kan jaki aka kawo kayan, da ita aka kai tuwon sunan ɗanta na fari. Wannan labari shi ne saiwar. Gwaggo takan ce mini, "Ɗan nan, kwanon da ba a san ɗakin da ya fito ba, ƙarfe ne kawai." Shi ya sa ranta ke ɓaci in ta ga 'yan gwangwan sun ɗora tasar shekara sittin a sikeli suna ciniki da kilo. A wurinta, akuya ce ta faɗa cikin iri.

Bayan cirewa sai zaɓen ƙasa, don inda shinkafa ke so tumatir ba ya so. Langar da ta huje ta daina riƙe miya, amma in ka cika ta da ƙasa, na'ana'a za ta yi kyau a ciki, hujin ma ya zama mafitar ruwa. Akushin da ya tsage ya bar tuwo, ya koma na goro da dabino a ɗakin baƙi. Faifai biyar masu launi daban-daban, in aka jera su a bango, sun wadatar da falo. Tsohon zanen saƙi da gefensa ya zare, tela zai fitar da rigar matashin kujera biyu daga tsakiyarsa. Mu dai ba baƙin wannan dabara ba ne. Da gwangwanin madara aka yi mana a-ci-bal-bal, da tsohon tubu ake ɗinka guga, marinan Kura kuma sun daɗe suna mai da koɗaɗɗiyar riga cikin baba, a buge ta, ta fito tana walƙiya.

Sai dai taki in ya yi yawa ƙone shuka yake yi. Na ga masu sayarwa da ke shafe tsohon kwano da fenti har zanensa ya ɓace, su bar mai saye da abin da bai zama sabo ba, ya kuma rasa kwarjinin tsufa. Gwaggo toka da lemon tsami kawai take sa wa tagulla. Inda samira ta ɓantare, haka take barinta, kuma ita za ta fara nuna wa mai saye wurin: "Hajiya, duba nan, kada ki je gida ki ce ban faɗa miki ba." Tsohuwar da ta ba ta kayan ma, a hannu take ƙirga mata kuɗinta, ta faɗi abin da aka saya, ta ɗauki la'adarta a fili. Na yi imani wannan amana ce ta sa ƙofofin gidaje suke buɗe mata har yau.

Dashe kuma sai ya yi yaushi kafin ya miƙe. Kwana biyu, uku, ganye ya kwanta, wanda bai sani ba ya ce asara aka yi. Tasa takan je kasuwa sau huɗu ta dawo a kan Gwaggo. Rana ta biyar sai ga ɗan kasuwar Kurmi yana neman irinta, ko masu shirya biki suna neman ƙorai da faifai na ranar ƙauyawa, ko wata yarinya da ta tuna ɗakin kakarta.

Irin wannan yarinya ce ta sayi wata tasa mai zanen ɗigo-ɗigo ana gab da bikinta. Da azumi ya zo, na raka Gwaggo gidan yarinyar kai saƙo. Muka tarar da tasar a tsakiyar tabarma, cike da dabino, mijin da ƙannensa sun kewaye ta suna jiran kiran salla. Gwaggo ta daɗe tana kallonta. Da muka fito zaure sai ta taɓa ni, ta ce a hankali, "Ka gani? Ta kama."