Kaka, kwamfutar da ta ƙi ritaya

Tun 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, wata tambaya ke damuna: yaron da ya tashi a garin da ko turken wuta babu, a ina zai fara taɓa kwamfuta? Ita ce ta kai ni wata sakandaren jeka-ka-dawo a wani ƙauye da sai an sauka daga kwalta an yi tafiya mai nisa a kan babur.

Bayan gaisuwa da ruwan randa, malamin lissafi ya buɗe wani akwatin ƙarfe a ofishin malamai, ya ciro abu naɗe cikin tsohon zani saboda ƙura. Ɗalibai suna kiranta Kaka. Ƙaramar kwamfutar cinya ce ƙirar Asus Eee PC, irin waɗanda aka yi yayinsu daga 2007, kafin manyan wayoyi su kashe musu kasuwa. Fuskarta ba ta kai inci 9 ba, ƙwaƙwalwarta giga 1. Ƙanin malamin ne ya saye ta ta hannu a Kano yana ɗalibi, da ya samu sabuwa ya watsar da ita a gida. Batirinta ya mutu tuntuni, sai an jona ta da batirin da ɗan farantin sola na kan rufi ke cikawa. Sa'arsu ɗaya, ba ta da cin wuta.

Da Windows XP ta zo, wadda kamfanin Microsoft ya daina kula da ita a watan Afrilun 2014. Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantar ne ya goge ta, ya sa mata Linux mara nauyi, ya zuba tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ya ƙara da Kiwix, manhajar da ke buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba, har da ta Hausa. Shafukan intanet na yau sun fi ƙarfin Kaka, amma a garin da sai an hau tudun bayan masallaci ake samun sabis, ba wanda ya lura da wannan rashin.

Da la'asar 'yan mata ke zuwa, don ba a barinsu fita da dare. Maza sai bayan isha'i. Mai kula da layin wani saurayi ne da ke cajin waya a kasuwar garin, ba ma'aikacin makarantar ba ne, ba a kuma biyansa ko sisi. Na tambaye shi me ya ɗaure shi a nan.

"Malam, ni fa na taɓa zama jarrabawar," in ji shi. "Baba ya sayar da tunkiya aka yi mini rajista da kuɗin mota. Ranar da na shiga ɗakin jarrabawar, ranar na fara zama gaban kwamfuta a rayuwata. Aka ce a fara. Na ga kowa yana ta dannawa, ni ko linzamin na kama, kibiyar ta gudu can gefe, na rasa ta. Kunya ta hana ni ɗaga hannu."

Ya yi shiru yana murza wayar caji a hannunsa.

"Wallahi tambayar farko na san amsarta. Hannuna ne ya ƙi. Kafin wani mai sa ido ya lura ya zo ya nuna mini, lokaci ya ja. Da sakamako ya fito, Baba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, 'Allah bai yi ba, ɗana.' Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi."

Bai sake zama ba. Ƙannensa sun taso, tunkiya kuma ba kullum ake da ita ba. Abin da yake koya wa yaran bai taka kara ya karya ba: A, B, C, D don zaɓen amsa, N a wuce gaba, P a dawo baya, S a miƙa. Yana sa musu agogo, yana tsaye a kansu da fuska a murtuke, wai don su saba da bugun zuciya. Haruffan amsar nan huɗu sun goge a kan madannan, sai da aka yanka takarda aka manna.

An sha ja-in-ja kafin a kai nan. Wani dattijon malami ya so a kulle Kaka, a riƙa fito da ita ranar da baƙi suka zo, kada yara su lalata. Ban ga laifinsa ba, wanda ya san wuyar samu shi ke tsoron rashi. Sai dai na sha ganin kwamfutoci sababbi fil a lulluɓe cikin ɗakunan da mabuɗinsu ke aljihun mutum ɗaya, kuma a ganina waɗannan sun riga Kaka mutuwa.

Da aikin ya kankama, sauran buƙatu suka biyo baya. Sakamakon ƙarshen zango a kanta ake haɗawa. Uwar adashen matan unguwa takan aiko jikarta a shigar da sunayen waɗanda suka zuba, tun wata rigima da aka yi bayan ruwa ya jiƙa littafinta. Dattawa kuma suna kawo memori a tura musu karatun Alƙur'ani da tafsiri, musamman gab da azumi.

Wahalar tana nan daram. Ɗan aji shida yakan jira kwanaki kafin layi ya zagayo kansa, in hadari ya rufe rana kuwa, ranar babu darasi. Tambayoyin ciki sun tsufa, sai malamin ya shiga birni ya kwafo sababbi a filashi. Marfin ma ya soma sakewa, da littattafai ake tokare shi.

Ƙungiyar iyaye ta ɗan tara kuɗi bayan girbi, kuma har na baro garin ba a daidaita ba. Malamin lissafi yana son a ƙara batiri don a riƙa kaiwa dare. Saurayin nan kuwa ya dage a je Kano a nemo wata tsohuwar irinta, ko da fuskarta a tsage take, don layin ya rabu biyu kafin a buɗe rajistar bana.