Iznin Aiki a Amurka ta Hannun Jami'a

Yau za mu duba wata mas'ala da ta shafi ma'abota ilmi, wato yadda malami ko mai bincike yake samun iznin aiki na ƙayyadadden lokaci a ƙasar Amurka ta hannun jami'a, iznin da hukuma ta yi wa laƙabi da H-1B.

Asalin wannan biza yana cikin dokar shige da fice ta shekarar 1990, wadda ta halatta ɗauko baƙo domin aikin da ba ya yiwuwa sai da ilmi na musamman, wanda mafi ƙarancinsa digiri na farko ne a fannin da ya dace. To, amma da yake majalisa ta ƙayyade adadin a kan 65,000 kowace shekara, sa'an nan a 2004 ta ƙara 20,000 domin waɗanda suka yi digiri na biyu ko fiye a jami'o'in Amurka, alhali kuwa masu nema sun zarce wannan adadi nesa ba kusa ba, sai ya zama tilas a riƙa jefa ƙuri'a cikin watan Maris. Wanda rabonsa ya tsaga ya fara aiki daga 1 ga Oktoba, wanda bai dace ba kuwa ya jira baɗi.

Jami'a ba ta shiga wannan ƙuri'a. Tun shekarar 2000 doka ta keɓe jami'o'i, da cibiyoyin da ke jingine da su waɗanda ba riba suke nema ba, da hukumomin bincike na gwamnati, daga wancan adadi, saboda haka suna iya shigar da buƙata a kowane wata, muddin dai ba a wuce wata shida kafin ranar fara aiki ba. Wannan babbar falala ce, amma tana da nata sharaɗi, wanda za mu iso gare shi nan gaba.

Abin da ya wajaba mai sauraro ya fara fahimta shi ne, ba malamin ne yake neman wannan izni ba, jami'a ce take nema masa, kamar dai yadda a zamanin fatauci baƙo ba ya shiga ciniki a zango sai mai masaukinsa ya tsaya masa. Sashen da ya ɗauke shi zai sanar da ofishin kula da baƙin malamai na jami'ar, ofishin kuma ya bincika albashin da aka saba biyan masu irin wannan aiki a wannan yanki, ya kwatanta da wanda jami'ar take biyan takwarorinsa, domin doka ta ɗora mata biyan wanda ya fi yawa cikin biyun, kada a mai da baƙo hanyar karya farashin 'yan ƙasa. Daga nan sai ta yi wa Ma'aikatar Ƙwadago alkawari a rubuce, ta kuma manna sanarwa a wurare biyu a wurin aikin har kwana goma, ma'aikatar ta tabbatar da takardar cikin kwanakin aiki bakwai. Sai bayan wannan ne ake aika takardar I-129 ga hukumar kula da shige da fice ta Amurka, wato USCIS, haɗe da shaidar karatu, da fassararta idan ba da Turanci take ba, da bayanin da ke nuna darajar digirin a ma'aunin Amurka. Mai gaggawa yana iya biyan ƙarin kuɗi a ba shi amsa cikin kwanakin aiki 15.

Amincewar USCIS ba ita ce biza ba. Wanda yake Nijeriya sai ya cike takardar DS-160, ya gurfana gaban jami'i a ofishin jakadanci na Abuja ko na Legas, kuma masu fannonin kimiyya da fasaha wani lokaci akan tsare takardunsu domin ƙarin bincike, har zangon karatu ya soma ba su iso ba. Haka kuma a Satumban 2025 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin biyan dala 100,000 a kan sababbin buƙatu na waɗanda suke wajen ƙasar, umarnin bai kuwa keɓe jami'o'i ba.

Wa'adin farko ba ya wuce shekara uku, ana kuma iya sabuntawa har jimla ta kai shida. Bizar tana da wata rahama da ta ɗalibai ba ta da ita, domin ba a tilasta wa mai ita ya kawo hujjar cewa zai koma gida, har ma jami'a tana iya nema masa zaman dindindin yana bakin aiki. Mata ko miji da 'ya'yan da ba su kai shekara 21 ba suna biyo shi da bizar H-4, wadda galibi ba ta ba da iznin aiki, ga shi kuwa albashi ɗaya ba kasafai yake ɗaukar nauyin iyali a manyan birane ba.

Ga sharaɗin da muka ambata. Tun da ba a ƙidaya malamin jami'a cikin adadin shekara ba, ranar da kamfani ya kira shi da albashi mai tsoka, sai ya koma sahun masu jiran ƙuri'a kamar wanda bai taɓa shiga ƙasar ba. Idan kuma kuɗin binciken da ake biyansa da su suka ƙare aka sallame shi, kwana 60 ne iyakar abin da yake da shi ya sami wani mai ɗauka ko ya tattara ya fita, ko da yake wajibi ne jami'ar ta biya masa kuɗin komawa gida. A ganinmu wannan ne ya fi cancantar tunani, fiye da cike takardu, wanda ma'aikatan ofis suka riga suka ƙware a kai.

Saboda haka, malam, kafin ka sa hannu a takardar ɗaukar aiki, tambayi jami'ar shekara nawa za ta nema maka, da inda albashinka zai fito, da ko tana da niyyar nema maka zaman dindindin. Idan kuwa ka taɓa zama can da bizar J-1 ta shirin musayar ilmi, ka bincika ko sharaɗin komawa gida na shekara biyu ya hau kanka, domin sai ka cika shi ko an yafe maka kafin a ba ka H-1B.