Mata biyu a tarihin gidan Esterházy

Uwargida, ko kin san cewa dukiyar gidan Esterházy, ɗaya daga cikin manyan gidajen sarautar ƙasar Hangari, ta hannun mace ta bunƙasa, kuma mace ce ta tsare ta daga baya?

A 1612 Miklós Esterházy ya auri Orsolya Dersffy, bazawara mai arziki, wadda ta dalilinta ya mallaki Munkács. A 1622 ya saki garin, sarki ya musanya masa da Fraknó da Kismarton. Yau dukansu suna cikin Ostiriya, ana kiransu Forchtenstein da Eisenstadt.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙwace gonakin gidan da ke Hangari. Gwamnatin kwaminisanci ta yanke wa Yarima Pál hukuncin ɗauri a 1949, sannan a 1950 aka sauya sunan ƙauyensu Eszterháza zuwa Fertőd.

Pál ya rasu a 1989 bai bar ɗa ba. Matarsa Melinda ta gaji abin da ya rage a Ostiriya, ta sanya shi ƙarƙashin gidauniyoyi don kada gadon ya watse.

Ke fa, wane tanadi kike yi wa gadon gidanku?