Kayan Da Ba A Ɗaure Ba Da Abin Da A Ke Bari A Kan Titi

Tun daga kaka har ƙarshen rani hanyoyin ƙasar nan ba su rabuwa da manyan motoci. Daga Kadawa a ɗauko kwandunan tumatir, daga Aliero buhunan albasa, daga Maƙarfi rake, daga Binuwai doya, ga kuma shanu daga Maigatari da Potiskum, waɗansu sun nufi kudu, waɗansu arewa. Wannan arziki ne, muna kuwa godiya ga Allah. Amma akwai wani abu game da motocin nan da ya daɗe yana damunmu, ya kuwa shafi masu karatunmu ƙwarai, domin da yawa daga cikin malaman makaranta da akawuna a kan babur su ke zuwa aiki, su koma gida. Abin kuwa shi ne kayan da a ke labta wa mota ba a ɗaure su sosai ba, da tarkacen da a ke bari a tsakiyar titi a yi gaba.

Mun san wani malamin firamare da ya kan yi tafiyar kilomita 20 kullum zuwa ƙauyen da ya ke koyarwa. Wata rana aiki ya tsare shi, bai kamo hanya ba sai bayan magariba. Ashe da rana wata babbar mota ta lalace a hanyar, yaran mota suka ɗauko manyan duwatsu suka yi mata waigi, suka karyo rassan itace suka jera a bayanta don su zama alama. Da gyara ya ƙare suka tayar da motarsu suka tafi, duwatsu da rassa suna nan inda aka ajiye su. Malam yana tafe, fitilar wata mota ta kashe masa ido, bai farga ba sai ƙafar gaba ta babur ta daki dutse. Ya karye a cinya. Zango guda cur ajinsa ba malami, iyalinsa kuwa sai da suka sayar da tumaki suka biya kuɗin magani. Direban da ya bar dutsen nan har yau bai san ya yi wa wani rauni ba, ba kuwa wanda ya san lambar motarsa.

Masu zuwa gaisuwa kowa sai ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Haka ne, ba mu musa ba. Amma dutse bai mirgino kansa daga daji ba, hannu ne ya ajiye shi, hannun kuma da ya ajiye shi zai iya kawar da shi cikin minti ɗaya.

Dalilin da ya sa mai babur ya fi kowa shan wuyar wannan abu ba boyayye ba ne. Mota tana da ƙafa huɗu, in ɗaya ta taka abu sauran ukun sun riƙe ta, ga kuma ƙarfe ya kewaye na ciki. Babur kuwa ƙafa biyu gare shi, inda kowace taya ta ke taɓa kwalta bai fi tafin hannu ba. Saboda haka abin da mai mota zai taka ya ji ƙara kawai, shi ne zai kayar da mai babur: yashi ko tsakuwa da ta zubo daga tifa a kan kwana, man gas da ya ɗiga daga tanki, sandar rake, guntun icen girki, ko ɓallin tayar tirela da ta fashe, wanda wayoyin ƙarfe ke cikinsa. Yashi a kwana ya fi duka mugunta, gama ba a ganinsa sai taya ta riga ta zame. Tun ranar 1 ga Janairu, 2009 aka tsananta dokar sa hular kwano, har a lokacin waɗansu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su ruɗi ma'aikata. An yi dariya, amma ƙwarya ba ta tare kwalta.

Ga wani lissafi da malamai za su iya yi wa yara a allo. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 100,000 cikin sakan 3,600, watau kusan mita 28 kowane sakan. Kafin ido ya ga abu, hankali ya gane shi, ƙafa ta kai ga birki, sakan ɗaya da rabi ya wuce, mota ta ci mita 40 da ɗoriya, birki bai ko fara aiki ba. To, wanda ya manne wa tirela a baya da tazarar mita 10, in buhu ya faɗo, ina zai sa kansa?

In ka tambayi mai lodi don me bai ɗaure kaya ba, amsar da ya kan bayar ita ce kayan suna da nauyi, nauyinsu ya isa ya riƙe su. Nan ne kuskuren ya ke. Sa'ad da mota ke gudu, kayan da ke cikinta su ma gudu su ke yi daidai da ita. In direba ya taka birki da ƙarfi, mota ta tsaya, kaya kuwa ba wanda ya taka musu birki, sai su zarce gaba, iyakar nauyinsu iyakar ƙarfin da za su zarce da shi. Ta haka ne rodi ya ke huda kan mota ya iske direba a kujerarsa. A kwana kuma kaya gefe su ke nufa, in an yi musu tsiri sama sai su rinjayi motar ta kife. Abu mai faɗi marar nauyi, kamar kwanon rufi da katifa da falankin katako, shi kuma iska ce ke shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi kamar fiffike, kwano kuwa in ya tashi sama wuƙa ne. Har igiyar da aka ɗaure tamau a tasha, bayan tafiyar awa guda a kan gargada buhuna sun zauna, ta yi sako-sako, sai an tsaya an ƙara ja. A Ingila ƙa'idar da a ke koya wa direbobi ita ce ɗauri ya iya riƙe dukan nauyin kaya in sun nufi gaba, da rabin nauyinsu in sun nufi gefe ko baya. A auna wannan da tsinken robar tsohon tif da a ke ɗaure buhu goma da shi a wajenmu.

Kwantena ma, duk girmanta, tana zamewa. An yi mata ramuka a kusurwoyinta huɗu, a jikin tirela kuma akwai makullan da ke shiga ciki a murɗa su. In makullan sun lalace, ko an ƙi murɗawa, ajiye ta kawai aka yi. Ranar 29 ga Janairu, 2023, a gadar Ojuelegba ta Ikko, wata kwantena ta faɗo a kan ƙaramar motar haya, mutum 9 suka rasu nan take.

Kada a ce abin namu ne kaɗai. A Amurka cibiyar bincike ta ƙungiyar masu motoci da a ke kira AAA ta fitar da rahoto a 2016, ta ce daga 2011 zuwa 2014 tarkacen kan hanya ya jawo haɗari fiye da 200,000, mutum wajen 39,000 suka ji rauni, fiye da 500 suka mutu. Kusan kashi biyu cikin uku na haɗarin nan daga abin da ya faɗo daga jikin mota ne, ko don ba a ɗaure ba ko don rashin gyara. Wani abu cikin rahoton ya kamata direbobi su riƙe: fiye da sulusin waɗanda suka mutu, garin kauce wa abin ne direba ya fizgi sitiyari motar ta ƙwace. Wani lokaci gara a rage gudu a taka kwali da a kauce masa a faɗa wa mota mai zuwa.

Ba za mu ɗora wa masu manyan motoci laifin duka ba. Mun sha ganin ƙaramar motar haya but a buɗe, buhuna sun leƙo waje, akuya a ɗaure a sama. Mun ga mai babur ya gicciya rodi ko kwano, ya cinye rabin titi, ko jan ƙyalle bai ɗaura a bakin ba. Manoma kuma su kan shanya masara da barkono a gefen kwalta, su jera duwatsu don kada mota ta taka, da yamma su kwashe amfaninsu su bar duwatsun. Direba shi ma sau da yawa ba yadda ya iya. Mai kaya a kan buhu ya ke biya, 'yan kamasho a kan buhu su ke samu, mai mota yana jiran kuɗinsa, kowa ribarsa a ƙara lodi, wanda ya ce ya isa haka sai a nemi wani direban.

A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, hanyoyin ƙasa suna da leburori, kowace ƙungiya da yankinta da helumanta, suna cike ramuka suna kawar da abin da ya tare hanya, da damina kuma a kan rufe shinge a tsare manyan motoci har ƙasa ta sha iska. Ba mu ce a koma can ba, motocin lokacin kaɗan ne. Yanzu akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da hukumar gyaran hanyoyin tarayya, FERMA, tun 2002. Cikin laifuffukan da hukumar kiyaye haɗurra ke cin tara a kansu akwai lodi fiye da kima, da ƙin rufe yashi ko tsakuwa da tamfol, da tare hanya, da rashin alamar nan mai kusurwa uku da a ke kafawa in mota ta lalace. Dokar ba ta gaza ba. Sai dai ma'aikacin da ke kan hanya yana ganin mota ne bayan ta riga ta taso, sauke kaya kuwa a tsakiyar daji ba abu ne mai sauƙi ba.

Wanda ke ganinta tun ba ta taso ba shi ne akawun ƙaramar hukuma da ke yankan rasit a ƙofar kasuwa da tasha. A gabansa a ke lodi, ta gabansa a ke fita. Muna roƙon shugabannin ƙananan hukumomi su haɗa kai da shugabannin ƙungiyoyin direbobi, a sa ya zama ba a ɗaga wa mota ƙarfen ƙofa sai an duba ɗaurinta. Hakimai da dagatai kuma su yi wa masu shanya magana a kan duwatsunsu. Malaman da ke hawa babur, su bar tazarar sakan uku aƙalla tsakaninsu da motar kaya, su rage gudu a kwana da bayan faɗuwar rana. Wanda ya iske dutse ko reshe a hanya, in ba mota mai zuwa, ya tsaya gefe ya jefar da shi cikin kwata. In abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, lambar kiran hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122.