Masu Mayar wa Harafi Ƙugiyarsa

Idan ka ga jarida ta rubuta "uniɓersity", ko ka buɗe kundin digiri ka tarar a jerin abubuwan da ke ciki shafi na xv ya koma "ɗɓ", kada ka ɗora wa marubucin laifi. Wani ne a gaban kwamfuta ya danna maɓalli guda cikin gaggawa, na'ura kuwa ta aikata abin da aka ce mata, ba ƙari ba ragi. A kan wannan maɓalli abincin mutane da yawa yake a Kano: masu buga rubutun Hausa da ke zaune a ƙananan shagunan nan da ake kira bizines santa, a harabar Jami'ar Bayero, da bakin titunan da ke kewaye da ita, da lungunan masu ɗab'i na cikin gari.

Rubutun da ake kawo musu kashi uku yake zuwa. Akwai littafin makaranta mai layi, cike da rubutun biro, wani wurin an soke, wani wurin an ja kibiya zuwa bayan shafi. Da irinsa marubutan adabin kasuwar Kano suka riƙa zuwa tun daga shekarun 1980 da farkon na 1990, zamanin da su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka fara cika kasuwa da littattafai. Akwai tsohon fayil a filashi, wanda aka buga shekaru ashirin da suka wuce. Akwai kuma na yanzu, labarin da aka rubuta a waya aka turo ta WhatsApp, kashi-kashi. Kowanne da irin ciwon kansa, amma duk ciwon a wuri ɗaya yake taruwa, wato a kan ɓ da ɗ da ƙ.

Waɗannan haruffa masu ƙugiya sun zauna a bokon Hausa ne a shekarun 1930, lokacin da Dokta Rupert East yake jagorantar hukumar fassara da talifi a Zariya. Kafin nan wani ɗigo yake sawa a ƙarƙashin harafi, wani ya rataya masa waƙafi a gefe. Da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, ido ya saba da su. Sai dai injin da aka ƙera don Turanci bai san da zamansu ba. Mai tafireta buga k ɗinsa yake yi, in ya zare takarda ya bi da biro yana lanƙwasa kawuna ɗaya bayan ɗaya. Kwamfuta ma da ta zo, haka ta zo da haruffa ashirin da shida.

A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya zana zubin haruffan da aka sani da Rabi'at da Abdalla, ya kawo wa masu bugu sauƙi babba. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce aro. Hausa ba ta amfani da q da x da v, saboda haka a wani tsarin sai aka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kansu. A wani tsarin kuma maɓallan baka-biyu da makamantansu aka ara. Ka danna q, allo ya nuna maka ƙ, firinta ta fitar da ƙ, kowa ya yi murna. Amma a cikin cikinta kwamfuta q ta ajiye. Riga kawai aka sa wa harafin. Ranar da fayil ya je na'urar da ba ta da wannan zubi, ko aka ɗora shi a intanet, rigar ta faɗi, sai ka ga "qasar" da "xaya" da "vangare", ko "}asar" da "]aya" da "~angare". Har yau ma wasu matasa na rubuta qauna a waya.

Maganin dindindin shi ne tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa. Ta ƙ ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ 0253. A manhajar Word, in ka rubuta lambar ka danna Alt da X, harafin ya fito, kuma duk inda ya je a haka zai tsaya. Aikin mai shago shi ne ya fitar da tsohon rubutu daga rigar aro ya mai da shi wannan.

Ga yadda gwani yake yi. Da farko ya kwafi fayil ya ajiye gefe, don wanda bai yi haka ba sau ɗaya yake kuskuren. Sai ya danna Ctrl da H, akwati ya buɗe mai gida biyu, na sama abin da za a nemo, na ƙasa abin da za a sa a madadinsa. Ya sa alamar da ke hana na'ura haɗa babban baƙi da ƙarami, ya yi zagaye shida: ƙanana uku, manya uku. Littafi mai shafi ɗari biyu, kafin ka kurɓi shayi an gama. Wurin da ake gane wanda ya iya shi ne abin da ya yi kafin zagayen. Zai bi rubutun ya nemo duk inda Turanci ya shigo, da sunayen mutane irin David, da lambobin Romawa, da manazarta a ƙarshen kundi, ya ware su. In ya yi sa'a wanda ya buga tun farko ya canza zubi a kan kalmomin Turanci, sai ya umarci na'ura ta taɓa haruffan da ke cikin zubin Hausa kaɗai. In bai yi sa'a ba, babu danna "sauya duka". Ɗaya-ɗaya zai bi, wannan a sauya, wannan a tsallake. Wanda ya ƙi wannan wahala shi ne ya haifa mana "Coɓid".

Rubutun waya ya fi wannan cin rai. Yana zuwa da taurari a gefen kalmomin da aka so su yi kauri, da fuskokin dariya da na kuka, da layi a karye ko'ina. Waɗannan duk akwatin yana share su, in ka san sunayensu: ^p ƙarshen sakin layi ne, ^l karyewar layi, ^t tsallen da ake yi a farkon layi. Tauraro kuwa sai da hattara. Akwai yanayin bincike da in an kunna shi, tauraro ba ya nufin tauraro, yana nufin "kowane abu". Yaro mai koyo ya ce a nemo shi a sauya da babu, sai ya ga littafin mutane ya zama farar takarda. Ctrl da Z ke ceton sa, in maigida bai riga ya gani ba. Akwai kuma ɗan waƙafin 'ya'ya da 'yanci, wanda Word ke juya wa baya a farkon kalma don ta ɗauka zance za a buɗe. Mutanen Nijar sun huta da wannan, su ƴ suke rubutawa.

Babbar matsalar ita ce yawancin masu rubutu a waya ba sa sa ƙugiya ko kaɗan, ko da yake allon waya na Hausa yana da ita. Nan akwatin ba shi da wayo. Kalmomi irin "wadannan" da "hudu" da "kungiya" ana iya gyara su a dunƙule, tunda fuska ɗaya gare su, kuma mai shagon kirki yana da jerinsu da ya tara shekara da shekaru. To amma "baki" fa? Na magana ne, ko baƙi ne suka zo? Kura ce ta taso ko ƙura? Kaya aka taka ko ƙaya? Yarinya tana dokin zuwan saurayi, in ba a sa wa d ƙugiya ba an mai da ita dabbar hawa. Wannan sai an karanta, jimla bayan jimla, da kunnen wanda ya sha harshen a nono. A ganina nan ne sana'ar take, kuma nan ne ba a biya.

Wani lokaci nakan yi wa Malesiya hassada. Wanda ya ratsa titin Tuanku Abdul Rahman a Kuala Lumpur, inda shagunan yadi suka yi jere, ya ɗaga kai ya dubi alluna, zai ga bokon Malay ba ƙugiya ba ɗigo. A 1972 suka daidaita rubutunsu da na Indonesiya, ch ta koma c, sh ta koma sy, alamomin kan wasali suka tafi. Nasu haruffan na musamman suna cikin Jawi, ajaminsu, inda suka ƙara wa baƙaƙen Larabci irin su nga da nya da pa. Mu kuwa in muka yar da ƙugiya, ƙafa da kafa sun zama ɗaya.

In rubutu ya tsabtata sai tsari. Littafin kasuwa rabin takardar A4 ne, ana ninkewa a ɗinke da waya a tsakiya, don haka dole yawan shafuka ya rabu huɗu-huɗu. Mai shago ya jera su, ya mai da fayil PDF don kada kwamfutar maɗaba'a ta sake tuɓe wa haruffa riga, ya fitar da gwaji marubuci ya duba. Daga nan a yi faranti, inji ya buga, yara su ninke, a ɗaure bandir-bandir zuwa wurin dillalan littattafai na Sabon Gari, daga can su bazu har Sakkwato da Maraɗi. Shi mai bugu sau ɗaya ake biyan sa. Littafi ya yi kasuwa ko ya kwanta, nasa ya ƙare.

Kuɗin a kan shafi ake yankewa, kuma ciniki ne. Shafin Hausa ya fi na Turanci cin lokaci, amma mai kawo aiki shafi yake ƙirgawa, ba ƙugiya ba. Daga abin da ya shigo za a fitar da hayar shago, da rim na takarda mai ɗari biyar wanda farashinsa ke bin dala, da ɗurin tawadar firinta, da na abincin yara, da mai. Man ne ya fi ci. Kafin a cire tallafi a ƙarshen watan Mayu na 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, a ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Shi ya sa za ka ga an tara aikin fitarwa ana jiran a kawo wuta, ko an ce maka ba a tada janareta don shafi biyu. Mai hali ya sa sola. Ga ciwon baya, ga ido da ke yaji da yamma, ga filashin ɗalibai da ke shigo da cuta cikin na'ura, ga wanda zai zo da daddare gobe yana kare kundinsa, ya ce sauran kuɗin sai an turo daga gida. Bugun kansa ya ragu tunda kowa ya zama mai buga nasa a waya, don haka shago sai ya haɗa da hoton takardu, da katin ɗaurin aure, da hoton fasfo.

Amma tsofaffin fayiloli suna dawowa. Marubuciyar da ta fitar da littafi a zamanin Rabi'at yanzu tana so ta sayar da shi ga masu karatu a waya, kuma a waya rigar aro ba ta zama. Sai ta aiko da filashi. Mai shago ya kwafa ya ajiye, ya yi zagayensa shida, ya fara karatu. Can wajen tsakiya ya ci karo da wurin da mai bugun farko ya yi tuntuɓe, ya karanta jimlar sau biyu, duka ma'anonin sun zauna. Sai ya ɗauki waya, a yi gaisuwa, a tambayi gida da yara, sannan ya ce, "Hajiya, a babi na tara, da Alhaji ya fita a fusace, fada ya tafi ko faɗa?"