Kuloci da metal: Gyaran da ke ceton jarin ƴan kasuwa

Duk wanda ya saba bin hanyar Madarunfa zuwa Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a, ko ya gangara Ɗan Isa ya nufi Jibiya, ya san abin da muke nufi: mota a gefen titi, direba ya ɗaga bonet, mata na zaune kan buhuna, kifin tabki da tumatir suna narkewa cikin rana. Mai mota zai gyara abarsa gobe, amma jarin mai kifi ya tafi.

Da yawa cikin motocin da ke jigilarmu tsofaffi ne. Wasunmu ma sun girma cikin Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka kuma daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975. Tsohuwar mota ba laifi ba ce, matuƙar ana sauraron kukanta.

Mu fara da kuloci, wanda bakanikenmu ke kira ambireyaj. Ba shi da ƙayyadadden wa'adi. Ƙafar direba ce ke yanke masa kwana. Aza ƙafa a kansa ana tafiya, lodin da ya wuce kima, da kokawar fita daga rairayi, su ke cinye faifan. Alamarsa a fili take: inji na ihu amma mota ba ta ƙara gudu, ga warin ƙuna idan an zo hawa. Tunda sai an sauke giya kafin a kai gare shi, gara a canza faifan da abin da ke matse shi da biyarin ɗinsa lokaci guda, a biya kuɗin aiki sau ɗaya.

Sai metal, ƴan siraran ƙarafan nan da karanshaf ke juyawa a kansu cikin inji. Baƙin mai ne kawai ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Ƙurar hunturu da jinkirin juyen mai su ke kashe su. Idan fitilar mai tana kiftawa bayan inji ya yi zafi, ko aka ga burbushin jan ƙarfe a man da aka juye, lokaci ya yi. A wannan gaɓa, sau da yawa kwance tukunyar mai ta ƙasa ya isa a canza su. Idan kuwa aka jira inji ya fara ƙwanƙwasa, sai wankin karanshaf, ko ma sayen wani injin.

Don haka Hajiya, in kin sayi mota kin ba direba, ki riƙa ware kuɗin gyara daga balas, ki kuma tambaye shi ranar da ya yi juyen mai na ƙarshe. Alhaji, kai ma haka. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa.